Gashin Mage a Kan Kayan Guga

Mai Guga ya shekara ashirin da biyu a ɗaki na uku daga bakin ƙofa, a ƙasan wani bene mai hawa uku da iyalai goma sha huɗu ke haya a cikinsa. Ɗakin taku shida ne a tsawo, huɗu a faɗi. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu na gawayi, da ɗaya na lantarki wanda bai taɓa yarda da shi ba, da igiya uku ta rataye kaya, da kwandon roba shuɗi da yake kai wa mutane kayansu a ciki. Yana buɗe ƙofa ƙarfe shida da rabi, yana rufewa idan rana ta faɗi. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba, bai taɓa kai wandon wani ɗakin wani ba. Amma duk unguwar ba da wannan aka san shi ba. An san shi da ƙin maguna.

Abin yana da asali. A shekararsa ta biyu a ɗakin, wata mage ta shigo ta taga ta haifi 'ya'ya huɗu a kan fararen kayan wani malamin makaranta, kayan da zai sa washegari ya je karɓar takardar ƙarin girma. Malamin ya tsaya a tsakar gida ya yi wa Mai Guga wankin babban bargo, mata na leƙowa ta baranda. Tun daga ranar ya ajiye sanda a bakin ƙofa. Ko inuwar mage ya gani sai ya daka tsawar da ake ji har hawa na uku. Sandar ta bugi bango, ta bugi bokiti, sau ɗaya ta bugi ƙafarsa, amma ba wanda ya taɓa ganin ta sami mage.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a ƙarƙashin teburin, bayan buhun gawayi, akwai kwali. A cikin kwalin akwai mage mai ruwan toka. Shekara shida da suka wuce ta shigo, sati guda bayan rasuwar matarsa, a jiƙe sharkaf da ruwan sama. Ya ce mata ta fita, ba ta fita ba. Ya bar ta zuwa ruwa ya ɗauke. Ruwan ya ɗauke tun a ranar.

A cikin shekarun nan shida maguna suka cika gidan. Suna kwance a matakala, suna yaga ledar shara, suna faɗa a kan rufin wurin ajiye motoci. Mai Gida, wanda ba a benen yake zaune ba, yakan zo duba gininsa ranar Asabar ta farko a kowane wata. A wannan zuwan, da ya gama zagaye, ya tarar da sawun maguna na laka tun daga gaban motarsa har bayanta, da wani jan muzuru zaune a kan rufin yana kallonsa kamar shi ne baƙon.

"Na riga na sayo guba," ya gaya wa 'yan haya. "Tana cikin but ɗin motar nan. Yau zan zuba."

Mai Guga yana bakin ƙofarsa da dutsen guga a hannu. Ya san magen toka takan fita ƙarfe goma ta sha hantsi, kuma duk abin da ta gani a ƙasa sai ta ɗanɗana.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke hawa na biyu, wadda kowa ke kira Nas, ita ta tare Mai Gida. Ta ce guba ba ta san mage da yaro ba, kuma yara goma sha ɗaya ke wasa a tsakar gidan nan. Ta ce ta san wata likitar dabbobi da ƙungiyarsu ke yin wannan aikin kyauta: a kama mage, a yi mata aikin hana haihuwa, a yi mata allura, a ɗan datse kan kunnenta na hagu don a gane wadda aka yi wa, sannan a maido ta inda aka ɗauke ta. Sannu a hankali yawansu zai ragu, faɗa da kukan ma su lafa.

"Wato a kama su a maido mini da su," in ji Mai Gida. "To, na ji. Asabar ta farko ta wata mai zuwa zan dawo. In na ga ko mage ɗaya da cikakken kunne, gubar nan za ta sauka, ko wa zai yi kuka."

Likita ta zo ranar Litinin, mace ce siririya mai takalmin roba. Ta ce aikin ba zai yiwu ba sai da mutanen gida, kuma tana so a ba ta mutum ɗaya da zai jagorance su. Direba, wani ɗan haya da ke tuƙa motar wani kamfanin lemo, ya ɗaga hannu.

"Ai ba sai an nema ba. Wa ya fi Kawu son ganin bayansu? Ga shi nan, har da sandarsa."

Aka tafa. Haka Mai Guga ya zama shugaban kwamitin maguna ba hamayya.

Aikinsa na farko shi ne ƙidaya. Ya bi ƙofa goma sha huɗu da littafin da yake rubuta kayan mutane, yana tambayar maguna nawa kowa ya sani. Da ya haɗa, sittin da uku suka fito. Tambaya ta biyu ita ce wa ke ba su abinci. Mutum goma sha huɗu aka tambaya, goma sha huɗu suka rantse ba su ba ne. Gwaggo, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe a hawa na uku, har da tofar da yawu.

"Ni? Abin da ko kallonsu ba na son yi? Ɗan nan, ka bar ƙofata."

"To abin ya zo da sauƙi, Baba," in ji Likita da ya kai mata sakamakon. "Mage ba ta shiga tarko sai da yunwa. Daga azahar ɗin Alhamis kada a ba su komai, a rufe shara. Tunda dama ba mai ba su, ba wanda zai wahala."

Ranar Asabar da safe aka jera keji goma a tsakar gida, kowanne da kifin gwangwani a can ƙuryarsa. Ƙarfe bakwai ba komai. Ƙarfe tara wata baƙar mage ta zo ta shinshina ta kau da kai. Ƙarfe goma sha ɗaya jan muzurun ya hau kan keji na huɗu, cikinsa kamar matashin kai, ya zauna yana wanke fuska. Da azahar kejin goma suna nan yadda aka ajiye su, ƙudaje kaɗai suka amsa gayyata.

"Baba," in ji Likita tana naɗe safar hannu, "magunan gidan nan sun fi ni ƙoshi."

Mai Guga ya tuna da kwalin da ke ƙarƙashin teburinsa. Shi kansa ranar Juma'a ya ba magen toka kan kifi biyu, bisa hujjar cewa ita ba ta cikin lissafi. Yanzu ya gane cewa gidan cike yake da masu irin hujjarsa.

Aka kira taro a gindin matakala. Kowa na nuna kowa. Direba ya ce mata ne, Nas ta ce yara ne, Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa zama da maƙaryata irin na wannan benen ba. Sati uku ya rage. Mai Guga ya ga in aka ci gaba a haka, gubar za ta sauka a daidai inda magen toka ke shan hantsi. Sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ni ba na zargin kowa," ya ce. "Amma kafin in ɗora dutse a kan kaya sai na bi shi da burushi, don gashin mage in ya sha zafi manne wa yadi yake. Shekara da shekaru ina cirewa. Direba, wandonka na aiki, gwiwar hagu, jan gashi, kullum. Aljihun dama kuma ƙarnin kifi."

"Haba Kawu! Ai kujerar mota ce."

"To kujerar tana da wutsiya. Nas, fararen kayanki gashi kala uku, har a kafaɗa. Mage ba ta hawa kafaɗar mutum sai ya ɗauke ta."

Nas ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya.

"Gwaggo."

"Kul! Na haife ka."

"Kin haife ni, Gwaggo. Zanenki mai ɗigo-ɗigo, daidai cinya, baƙin gashi da ja. Har da inda farce ya ja zare."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Auta ne. Shi ai ba mage ba ne, a hannuna ya tashi."

"Wane Auta?" in ji Direba. "Jan nan mai tabo a hanci? Wannan ai Injin ne, nawa ne! Ƙarfe biyar yake jirana a bakin ƙofa."

"Ƙarfe shida yana wurina," in ji wata mata daga baranda.

Kafin a tashi, an gano jan muzurun yana da suna huɗu kuma yana cin abincin dare a ɗaki huɗu. Mai Guga ya sake ƙidaya, wannan karon da launi da tabo da mai shi. Sittin da uku suka koma ashirin. Ya ja layi a ƙarƙashin ta ashirin ya rufe littafin da sauri.

Likita ta sauya dabara, ta ƙaro keji. Tunda kowace mage tana da mai ita, kowa ya karɓi keji ya ɗaure ƙofarsa a buɗe, ya riƙa sa abincin a ciki, a lokacin da ya saba, har sati guda. A rana ta takwas aka kwance ƙofofin. An kama goma sha ɗaya a ranar, sauran a cikin kwana huɗu. Direba ya ɗauki hutun rabin yini ya raka Injin asibitin dabbobi, Gwaggo ta sa ya yi mata alkawarin zai gaya wa Likita cewa Auta ba ya son sanyi. Suka dawo ɗaya bayan ɗaya da datsattsen kunne, masu su na jinyarsu a fili, a baranda, ba kunya.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu Mai Gida ya zo, Likita ta tsaya a ƙofar ɗakin guga da takardarta.

"Ashirin cif, Baba. Sai dai abu ɗaya ya dame ni. Tara daga cikinsu suna da ruwan toka a jiki, kuma 'yan shekara ɗaya zuwa biyar ne. Uwarsu na nan kusa, ba ta cikin waɗanda na yi wa aiki. In ba a same ta ba, baɗi mun koma gidan jiya. Gobe ƙarfe goma zan zo kwashe kejina, daga nan sai wata unguwar."

Ta tafi. Mai Guga ya zauna a kan buhun gawayi. Sau biyu a shekara magen toka takan ɓace, ta dawo a rame, bayan wata biyu kuma sai a ga sababbin 'yan maguna a bayan gini, shi kuma ya fito da sanda yana tambayar daga ina waɗannan masifaffun ke fitowa. Ya yi tunanin kulle ta a ɗaki ranar Asabar. Amma Mai Gida kowane wata yake zuwa, taga kuma ba ta rufuwa tun zamanin malamin makaranta. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Kunnuwa biyu, cikakku, a miƙe.

"Ke kika jawo mana," ya ce mata. Daga nan bai ƙara ba ta ko loma ba, kamar yadda Likita ta ce a yi kafin aiki.

Ba ta taɓa shiga keji ba, kuma ba lokacin koya mata. Ranar Juma'a ƙarfe goma saura kwata ya sa ta a kwandon roba shuɗi, ya rufe da zanen gado gogagge, ya ɗaure bakin da igiya. Motar Likita na bakin ƙofar gida, taku arba'in daga ɗakinsa, kuma kusan duk 'yan haya sun sauko maido keji. Ya ɗauki kwandon kamar mai kai kaya. A taku na goma kwandon ya yi kuka. A na goma sha biyar wutsiya mai ruwan toka ta zuro ta rami.

"Kawu," in ji Direba, "kayan wane ɗaki ne wannan? Na ji ba su ji daɗin gugar ba."

Mai Guga ya ci gaba da tafiya. Gwaggo ta tare hanya da sandarta, ta ɗaga gefen zanen ta leƙa.

"Ashe haka take. Shekara shida muna tsince gashinta a cikin ninkin kayanmu, sai yau muka ga fuskarta."

"Kun sani?"

"Ɗan nan, kai kaɗai ke da ido? Kana cire namu kana sa mana naka."

"Mun ɗauka in mun yi magana za ka kore ta," in ji Nas, "don kare mutuncin sandar."

Likita ta karɓi kwandon. Ta buɗe littafinsa da kanta, ta miƙa masa biro. Ya rubuta ashirin da ɗaya a ƙarƙashin layin. A gurbin mai ita ya tsaya jim, sannan ya rubuta "shugaba".

Mai Gida ya zo ranar Asabar ƙarfe goma da minti biyar. Ya zagaya ginin sau biyu yana duba kunnuwa, ya leƙa ƙarƙashin matakala da bayan tankin ruwa. Bai buɗe but ɗin motar ba. A kan hanyarsa ta fita ya tsaya a ɗaki na uku. Magen toka, wadda aka maido da safen nan, tana kwance a kan tsohon bargo a bakin ƙofa, kunnen hagu a datse, kanta a jingine da sandar.

"Mai Guga, har ɗakinka?"

"Kutse ta yi, ranka ya daɗe," in ji shi, ya daka tsawar da aka ji har hawa na uku. "Ke! Fita!"

Ko ido ba ta buɗe ba. Ya tsallake ta a hankali ya je hura gawayi.