Katifar Baffa Haladu a Kwale-kwale

Duk wanda ya san Baffa Haladu ya san ba ya buɗe baki sai da tsaki. Ka gaishe shi, tsaki. Ka kawo masa fura, tsaki, ya shanye ta tas, sannan ya miƙo ƙwarya ya ce ba ta damu ba. Ni Hajara, 'yar ƙaninsa, a hannunsa na tashi a ƙauyenmu na ƙasar Miga, kuma wallahi har aka kai ni ɗakin miji a unguwar Limawa ta Dutse ban taɓa jin ya yabi wani abu ba. In abu ya burge shi matuƙa, sai ya ce, "Aikin banza, amma ba laifi."

Kun tuna kwale-kwalen gidanmu, wanda muke haye kogi da shi zuwa gonar fadama in damina ta yi nisa? Na gado ne, na kowa da kowa, amma Baffa ya mai da bayan jirgin fadarsa. Wai ƙugunsa na ciwo, wani mai magani ya ce ya riƙa shan hantsi. Sai ya tafi Dutse, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ya samo soson kujerar wata matacciyar bas, ya ɗinke shi cikin leda mai sheƙi, ya jera katako a bayan jirgin ya ɗora. Nan yake miƙewa rub da ciki. Ɗansa Yaya Musa na tuƙi, shi kuwa yana zuba faɗa.

Abin haushin, duk kayan aiki a ƙarƙashin katifar suke: igiya, lauje, har ƙwaryar kwarfe ruwa. Ran nan muna tsakiyar kogi ruwa ya fara shigowa, matarsa Inna Tabawa ta ce, "Malam, ɗan ɗaga mu ɗauki ƙwarya."

"Wa ya ce a taɓa min katifa?"

"Ruwa fa ya kai idon sawu!"

"Ba ku da tafin hannu ne? Allah ya ba kowa ƙwarya biyu, kuna neman ta uku!"

Haka muka haye muna kwarfa da hannu, shi ko juyowa bai yi ba.

Da na haifi Ummi ta fara gudu, na kawo ta gida ganin dangi. Yara kuwa ba abin da suke so kamar hawa katifar nan, ga ledar da santsi kamar an shafa mata man gyaɗa, ga shi ba komai tsakaninta da ruwa. Na ce, "Baffa, katifar nan wata rana sai ta jefa yaro a kogi."

Ya ce, "Iye! An sha ruwan famfo an dawo koya min kogi. Ubanki ma ni na koya masa iyo!"

Washegari muka ɗauki hanyar gona. Baffa ya tashi zaune yana yi wa Yaya Musa masifa kan yadda ya riƙe gora, Ummi ta lallaɓa ta bayansa ta haye katifa. Jirgi ya daki wani kututture. Ina kallo 'yata ta sulale, ko ƙara ba ta yi ba, sai ɗan takalminta a kan ruwa.

Jama'a, mutumin da ya shekara yana cewa ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki buta! Kafin in gama salati ya faɗa ruwa da rigarsa da hularsa. Ya nutse, ya taso hannu wofi, ya sake nutsewa. Da ya taso, ga ta riƙe a ƙafa ɗaya. Muka jawo su cikin jirgi, ya kifa ta a gwiwarsa yana bubbuga bayanta har ta amayar da ruwa ta tsala kuka.

Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, ranar na tsaya a kansa ina zuba masa faɗa. "Ban faɗa maka ba? Da ta mutu fa, Baffa? Da me za ka ce min? Cewa za ka yi ƙugunka na ciwo?"

Muna isa gaɓa ya finciko katifar ya yar a ƙasa, ya ɗauki filafili ya hau jibgarta. "Munafuka! Ni na tsamo ki daga bola, na yi miki riga, ki rasa wanda za ki ci sai jikata!"

Inna Tabawa ta ce, "A'a Malam, yau kuma an halatta taɓa ta?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na goya 'yata na koma Dutse ko sallama ban yi masa ba.

Abin da ya biyo baya, a bakin Yaya Musa na ji. Baffa ya kira Malam Sani kafinta, kafin azahar ya kore shi, saboda ya bar kan ƙusa a waje. "Wannan ƙusar idon jikan wa kake nema da ita? Tattara zartonka!" Ya kama aikin da kansa. Ya yage ledar ya sa buhun algarara mai kaushi, yadda ko an jiƙe ba a zamewa. Ya raba katifar biyu, ya haɗa katakon da yankin tsohuwar taya, rabi na ɗagawa kamar murfin akwati, a ɗauki ƙwarya ba sai an tashi kowa ba. Saura abin tare gefe. Ya jira Inna Tabawa ta tafi suna, ya shiga ɗakinta ya kwance gadon ƙarfen aurenta, ya kafa ƙarafan a kewayen katifar, ya lulluɓe su da tsohuwar ragar masunta.

Ta dawo ta tarar da tabarma a ƙasa. "Malam! Ina gadona?"

"Yana kogi yana neman lada."

Sai da aka kai maganar gaban yayanta, amma gado dai bai dawo ba.

Ana nan sai ga Baffa a ƙofar gidanmu a Limawa, mutumin da ya tsani shiga mota. Kuna zaton haƙuri ya zo bayarwa? Ina! Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ke, ɗauko yarinyar nan ki zo ki ga wani aikin banza." Na je ina cika ina batsewa. Na girgiza ƙarafan da ƙarfina, na bi ragar da yatsa ina neman ɓula, ban samu ba. Ga kuma sabuwar doka: duk yaron da zai shiga jirgi sai an ɗaura masa jarka wofi a baya. Mutanen gari suka sa wa wurin suna akurkin Baffa. Shi kuwa ya rasa wajen miƙewa, sai dai ya naɗe a ciki kamar mage, yara na tattaka shi yana tsine musu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasu samari 'yan sa-kai suka zo mashigi za su haye. Babbansu ya ce, "Baba, yanzu sai a raba, maza a dama, mata a hagu."

Baffa ya ce, "Kai, dubi matan nan da kyau, dubi 'yan ƙwarangwal ɗin mazan. In na jera su haka, sai dai a ƙarasa raba mu a lahira! Tun ba a haifi ubanka ba nake son shari'a. Maza gaba, mata baya. Ka iya ruwa?"

"A'a, Baba."

Baffa ya ɗauko jarka ya ɗaura masa, ya nuna masa akurki.

"Haba Baba, ni da gemuna?"

"Gemu ba ya iyo. Shiga!"

Haka bawan Allah ya haye a tsugune cikin yara, Ummi na ba shi gyaɗa.

Damina ta gaba ruwa ya yi ambaliya ya ci ƙauyukan tsallake. Baffa ya riƙa wuni yana jigilar mutane, kullum cikin ruwan sama, ya hana kowa karɓarsa. Tari ya kama shi, ƙirji ya riƙe. Na samo mota daga Dutse, na same shi kwance a zaure yana numfashi da ƙyar. Na ce, "Baffa, don girman Allah tashi mu tafi asibiti."

"Akwai sauran mutane a tsallake."

"Yaya Musa na nan! Kai kaɗai ne mai hannu a garin nan? Ka kare 'ya'yan kowa, kanka ya gagare ka? Wannan wane irin taurin kai ne!"

Can ya ce, "Duk gidan nan ke kaɗai kika gado ni."

Bai shiga motar ba. Kafin ruwa ya janye muka rufe shi. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, sai in ji kamar in same shi in ƙarasa faɗan.

Allah ya jiƙan Baffa Haladu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sanyaya masa makwanci. Ya Allah, kamar yadda ya haye da 'ya'yan mutane lafiya, ka haye da shi siraɗi lafiya. Amin.