Yaya Illa da littafin da na ɗauka tsintuwa ne

Shekara tara ke nan da muka rufe wana, Yaya Illa, a nan Dakoro, ƙarshen damina, gero ya fara nuna. Ni ƙanensa ne, manomi, kuma sai bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wannan rubutu da hannuna na yi shi, kaɗan-kaɗan, cikin kwanaki masu yawa.

A gidanmu shi kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko. Ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya tafi jami'a a Yamai don ya koyi lafiyar dabbobi. Shekara guda ya yi ya dawo. Ba kansa ne ya gaza ba, littattafan ne suka fi ƙarfin gidanmu, ko da an sayar da gyaɗar shekara duka. A can aro yake yi, ya kwafe littafi da alƙalamin bik, shafi bayan shafi, har yatsansa ya yi kanta. A ƙarshen kowane kaye, wato littafin rubutu, yakan rubuta sunan wanda ya wallafa da na wanda ya ara masa. Sauran rayuwarsa a rugagen Azagor ya yi ta, yana taya masu yi wa shanu allura, ba shi da takardar shaidar komai.

Wani lokaci in na zauna hutawa a gona, sai in ga kamar shi ne tafe daga arewa a bayan garke, da jakarsa a kafaɗa, yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya sauri. Sai in ce a raina, da zai iso yau, me zai ce da abin da ya tarar?

Ɗiyata Ramatu tana jami'a a Maradi, karatun da ya gagare shi take yi. Bara ta zo gida ana saura mako uku jarrabawa. Kullum ina ganinta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ido a kan waya. Da na yi magana, ta ce littattafai ne a ciki, cikakku, irin waɗanda ake buƙata a ajinsu.

"Wa ya ba ki?"

"Ba kowa, Baba. A intanet suke, kyauta."

Mu da muka tashi cikin makiyaya mun san hukuncin abin da ba a san mai shi ba. In akuya ta faɗo garkenka, za ka ba ta ci da sha, amma ba ka tatsa, ba ka yanka, sai an yi cigiya a kasuwa. A ganina littafin nan da take karantawa tsintuwa ne, kuma ba na son ilimin ɗiyata ya tsiru a kan haƙƙin wani. Na karɓe wayar, na ce ba karatu sai an gano mai shi. Ba ta yi musu ba, ta koma ɗaki. Ni da ita mun san in ta faɗi jarrabawar nan ba ni da ƙarfin ɗaukar wata shekara, gida za ta dawo kamar yadda Yaya ya dawo.

Ranar kasuwa har wurin mai shela na je. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To, maigida, littafin naka ja ne ko fari? Yana da tsaga a kunne?" Masu sayar da igiya suka kwashe da dariya. Na dawo ba a yi shelar ba.

A kwana na huɗu Ramatu ta durƙusa ta roƙi wayar na ɗan lokaci. Ta buɗe shafin farko, ta ƙara girman baƙaƙen, ta ce, "Baba, ai kai ma yanzu kana karatu. Haɗa mani wannan." Na haɗa baƙi da baƙi har suna ya fito, sunan wata malama a wata ƙasa mai nisa. Abin da ke ƙasa da Faransanci ne, Ramatu ta fassara mani: duk mai so ya karanta, ya kwafa, ya ba wani, ya ma juya shi zuwa harshensu, sharaɗin kawai ya ambaci sunanta. Ashe littafin yana da mai shi. Rijiya ta gina a bakin hanya, ta bar guga a kai, ta yi tafiyarta.

Kunya ta rufe ni. Na miƙa mata wayar da hannu biyu. Kwana huɗun nan sun ci mata da yawa, da ƙyar ta haye, amma ta haye.

Na tabbata da Yaya na nan, faɗa zai fara yi mani. Ina hango shi a bakin wata rijiyar Azagor da hantsi, duk littattafan da suka kore shi daga Yamai suna cikin aljihun rigarsa, yana juya wa makiyaya bayanin ciwon huhun shanu da Hausa da Fulatanci, raƙuma na jiran layin ruwa. Na kuma san zai ce da sauran aiki, don waya na son caji, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana tafiya, ɗaki da abinci a Maradi ba kyauta ba ne, kuma littattafan ba su cika sanin irin dabbobinmu ba.

Bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne gida guda da ya yarda cewa karatu ya cancanci a wahala a kansa, har mai furfura irina ya zauna a benci yana koyon riƙe alli. Duk Juma'a in na yi masa addu'a, yanzu ina haɗawa da malamar nan. Har yau ban iya faɗin sunanta daidai ba, amma Wanda nake roƙo ya san wadda nake nufi.