Jinyar Ya Kolo a Assaga

Abatcha ɗan fari ne, shi ya sa tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, can ya girma, gida ɗaya da mahaifiyarsa Ya Kolo amma kamar maƙwabta. In tana son a ɗebo ruwa sai ta ce da ƙanwarsa Zara, "Gaya wa mutumin nan randa ta bushe," alhali yana zaune a gabanta. Shi ma ko ido ba ya haɗawa da ita. A ƙauyensu na bakin gulbin Komadugu babu wanda ya ɗauki wannan a ƙiyayya. Kunya ce, haka kowa ya taras.

Manomin tattasai ne, kamar ubansa da ya rasu tun yana saurayi. In gulbi ya kawo ruwa sai ya ta da injin ban-ruwa, a yi dashe, a tsinka, a shanya a kan rairayi har fili ya yi ja wur, sannan a ɗura a buhuna a kai Diffa. Bai yi arziki ba, amma gidansa ba a kwana da yunwa. Yana da mata, Kubra, da yara ƙanana. Zara kuwa a ƙetaren gulbi ta yi aure, ɓangaren Najeriya. Da rani in ruwa ya janye sai ta tattare zane ta tako, ta yi wa tsohuwa kitso, ta yanke mata farce, ta cuɗa mata baya. Duk abin da ya shafi jikin Ya Kolo a hannun Zara yake.

A shekarar 2015 mutanen daji suka fara ƙetarowa. Haka ake kiransu, don bakin kowa yana tsoron sunan. Ƙauye ya watse a rana guda. Abatcha ya ɗora uwarsa a amalanken jaki tare da tabarma da tukwane, suka bi ayari har bakin kwalta wajen Assaga, inda kowa ya kafa bukkar kara da tamfol, wurin ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Zara ba a ji ɗuriyarta ba. Lambarta ta daina shiga, kuma duk wanda ya tsallako daga can aka tambaye shi sai ya girgiza kai.

Hukuma ta haramta zuwa gona, an hana hawa moto, wato babur, abincin agaji ba ya kai ƙarshen wata. Da yara suka fara ramewa, Abatcha da kansa ya tura Kubra da su zuwa garin N'Guelbély wurin danginta, inda akwai ɗan gero da nono. Ya so tsohuwa ta bi su, ta ƙi. Ta fuskanci bangon tamfol ta ce, "A gaya wa mutumin nan, in na yi nisa Zara ba za ta same ni ba."

Haka aka bar su su biyu. Babu kuma wanda za a ba saƙo, sai ta riƙa ba buta, ko bango, ko kazar maƙwabta.

Da farko tana iya kai kanta bayan gida da sanda. Daga baya ciki ya fara rigan ƙafa. Ranar da abin ya fara faruwa, Abatcha ya dawo ya same ta zaune a ƙurya ta lulluɓe har ka, ƙudaje sun cika bukka. Ya daɗe tsaye a ƙofa. Ya yi tunanin kiran wata mace, amma wace? Ya ce mata me? Matar da a ƙauye ake aiko mata da jarirai ta yi musu wankan fari, yau a ce a zo a ga wannan? Ya ɗora ruwa a wuta, ya sirka, ya samo babban zane ya rufe ta daga wuya zuwa ƙafa. A ƙarƙashin zanen ya yi aikin da lalube, fuskarsa a juye. Ita ta runtse ido. Sai da ya gama ta ce da buta, "Ruwan ya yi zafi da yawa."

Daga ranar ya zama aikinsa. Tsummokaranta ba ya wanke su sai da tsakar rana, lokacin da mata suka watse daga famfo, kuma ba ya shanya su a kan shingen ƙaya inda kowa ke shanya. A cikin bukka yake rataye su su bushe a hankali. In maza a inuwar masallaci suka tambaye shi jikin tsohuwa, sai ya ce da sauƙi. Wani ya taɓa ce masa, "To wa ke kula da ita, ga iyali ba sa nan?" Ya ce, "Akwai mata." Ƙarya ce, kuma bukkar tamfol ba ta riƙe sirri, amma aka bar shi da ita.

Sai hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Wata safiya ya je layin abinci, ya dawo babu ita. Ya zaga sansani yana tambaya har rana ta take. Can sai ga motar soja ta tsaya a bakin kwalta, an sauko da Ya Kolo, ƙafafunta duk ƙaya, ɗankwali ya faɗi, furfura a waje. Sun tsince ta ne a kudu, ta nufi gulbi tana jan sanda. Wani soja mai Hausar mutanen yamma ya ce a gaban jama'a, "Wane ne ɗanta? Baba, ka san wajen can ba a tambayar mutum sunansa, sai harbi. Allah ya so da rana ne muka ga tsohuwa ce. Ka riƙe uwarka."

Ya riƙe ta kwana da kwanaki, bai je ko'ina ba. Amma sabulu ba ya zuwa da kansa, kuma hatsin agaji ba ya zama a cikinta, sai kunu mai laushi da ɗan sukari. Dole ya riƙa hawa mota zuwa Diffa yana dako a kasuwa, shi da a da wasu ke sauke masa buhu. Tsohuwa ta sake fita, wannan karo wata mata ta tare ta a bakin sansani. Ta sake fita.

Abin da ya yi daga nan, har yau ba ya iya faɗinsa da bakinsa. Ya fara da tsohon mayafinta: ya ɗaura a idon sawunta, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin dirkar bukka, ya ajiye mata ruwa da kunu kusa. Yatsunta da suka saba da ƙullin buhu suka kwance shi kafin ya kai kwalta. Sai ya nemo igiya, irin wadda ake ɗaure akuya. Ya naɗa tsumma a ƙarƙashi don kada ta ci fata. Yana ƙullawa tana kallon rufin tamfol. A mota ranar bai iya amsa gaisuwar kowa ba.

Bukkar da ke bayan tasu ta Uwani ce, wata Bahaushiya da ta gudo daga Damasak, mai suyar ƙosai, mijinta ya mutu a hanya. Da Abatcha ba su wuce gaisuwa ba. Wata rana mai tsananin zafi ta ji nishi daga bukkarsa, ba ƙaƙƙautawa. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta ɗaga buhun da ke ƙofa ta shiga. Tsohuwa ta yi ƙoƙarin tashi ta faɗi, ruwan ya kife, ta ɓata jikinta, tsumman ya zame, igiya ta goge fata har jini. Uwani ta saka salati da ƙarfi, mata suka taru.

Da la'asar Abatcha ya sauko daga mota da ƙullin sukari a hannu, ya hangi mata a ƙofarsa. Ya zaci rasuwa ce. Da ya matso ya ga igiyar a yashe a waje, an yanke ta da wuƙa, sai ya gane, kuma a ransa ya ji da ma rasuwar ce. Wannan tunanin ma ya zame masa wani abin kunyar daga baya.

Uwani ta fito tana goge hannu. Ba ta yi ihu ba.

"Malam Abatcha, wannan uwarka ce ko ta riƙo?"

"Ita ta haife ni," ya ce, a Hausarsa ta Barebari da ke ƙara karyewa in ya ruɗe.

"Ka ɗaure ta ka tafi Diffa. In wuta ta tashi fa? In mutanen nan suka shigo kowa ya gudu fa? Ga ni nan, tsakanina da ku tamfol ɗaya. Bakinka ciwo yake?"

Abatcha ya dubi igiyar. Zai ce sojoji, zai ce gulbi, zai ce sabulu, duk ya ji ba su kai nauyin igiyar da ke ƙasa ba. Wata tsohuwa a cikin matan ta tofar da yawu ta ce ko jaki ana kwance shi da rana.

Sai aka ji muryar Ya Kolo daga ciki. An wanke ta, an sa mata zanen Uwani, an jingina ta da dirka. Hankalinta ya dawo sarai, kamar yadda yake yi wani lokaci da yamma. Da Barbarci ta yi magana, wata ta fassara wa Uwani.

"Ku bar mutumin nan. Ni na ce a ɗaure ni. Ƙafata ba ta jin magana, ni na ce."

Ba ta taɓa cewa ba. Ta sani, ya sani, kuma daga yadda matan suka yi shiru, su ma sun sani. Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Abatcha ya durƙusa a ƙofar bukka, ya kasa shiga, ya kasa tashi. Da zagi ta yi masa, ko ta ɗaga masa nono a gaban mutane, yana ganin da ya fi masa sauƙi.

Washegari Uwani ta kawo kaskonta ta kafa a ƙofarsu. Ta ce daga yau nan za ta riƙa suya, Iya tana ganinta tana ganin Iya. Wanka ma ita za ta yi, shi ya kawo ruwa da itace. Ya ce bai san da me zai biya ta ba. Ta ce, "Wa ya yi maka maganar biya? Tawa uwar a can na baro ta, ban san wanda ya rufe ta ba. Ɗauko bidon ruwa ka tafi famfo."

Tsohuwa ba ta jin Hausa sosai, Uwani ba ta jin Barbarci, amma suka saba. Wani lokaci takan kira ta Zara, Uwani ta amsa. Ya Kolo ta daina neman gulbi, ko don ƙafar ta mutu ne ko don ta samu mai tsefe mata kai, Allah ya sani. Ciwon idon sawun dai bai warke ba. Malamin asibitin da ke zuwa sansani da mota ya wanke, ya ɗaure, ya tambayi abin da ya ji mata. Uwani ta ce ƙaya ce. Malamin ya dubi ciwon da ya zagaye ƙafa kamar munduwa, ya dubi Abatcha, bai ƙara tambaya ba.

Abatcha ya daina zama a inuwar masallaci. Yana idar da salla sai ya ɗauki takalmansa. Babu wanda ya taɓa yi masa gori, amma in ya ji an yi dariya a bayansa sai wuyansa ya yi zafi.

Da damina ta kusa, Ya Kolo ta daina cin komai. Kunu sai a cokali, daga baya sai ruwa a auduga ana ɗiga mata a leɓe. Ya bar dako ya zauna. Shi ke juya ta in ɓari ɗaya ya gaji, shi ke kore mata ƙuda da mafici. Ta yi sauƙin ɗauka kamar damin kara. Wata hantsi yana tallafe da kanta a cinyarsa yana yi mata kalmar shahada, Uwani na suya a waje, sai numfashin ya yi tsawo, ya tsaya, bai dawo ba. Ya jira. Sannan ya shafa mata ido ya ce, "Uwani, zo ki ga Ya."

An rufe ta a sabuwar maƙabartar da aka yanka a bayan sansani, nesa da kabarin mijinta. A zaman makoki liman ya ce Abatcha ya yi abin da maza da yawa ba za su iya ba, Allah ya ba kowa ɗa irinsa. Jama'a suka ce amin, har da mazan matan da suka tsaya a ƙofarsa ranar nan. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke har aka shafa fatiha.

Yanzu yana Diffa, a wani ɗakin haya da Kubra da yara, yana aiki wurin wani dillalin tattasai tun da kasuwa ta ɗan farfaɗo. Kubra ta ji labarin duka a bakin mata, ba ta taɓa tayar masa da shi ba, shi ma bai tambaye ta abin da ta ji ba. Uwani tana nan Assaga da kaskonta. In ya samu hali ranar Juma'a yakan hau mota ya je ya yi addu'a a kabari, ya biya ya ajiye mata sabulu ko ɗan mai. Takan shimfiɗa masa tabarma ta ce ya zauna ya sha ruwa. Yakan ce mota na jira, ya gaishe ta a tsaye, ya juya.