Ɗorawar da Injin Babana Bai Yanka Ba

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka ba zan rantse a kan kowane ƙaramin abu ba. Ni ina ganin injin ja ne, ƙanwata ta ce ruwan goro ne, fentin kuwa ya goge, babu mai raba mana gardama. Amma abin da ya faru a wata gona a Darki, wannan a gabana aka yi shi.

Mahaifina mai faskare ne. Da gatari ya ciyar da mu, har zamanin da kuɗin mai suka shigo ƙasa. A lokacin ne ya sayi injin yankan itace, na hannu, wajen wasu masu aikin titi da suka gama kwangilarsu. Ina jin shi ne na farko a unguwarmu a Wudil, ko da yake wani na iya cewa na biyu. Bayan la'asar yakan shimfiɗa buhu a zaure, ya ɗora injin a cinya, ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya da magagari. Ba ya ba da aronsa. Ko ni ban taɓa jan igiyarsa ba sai bayan rasuwarsa.

Kafin ya tayar da injin, abu biyu yake yi. Sai ya ɓare ɓawon itacen da wuƙa, in ya ga danshi ya mayar da wuƙar kube. Sannan ya tambaya, "Na wane ne?" Ba gonar yake nufi ba, itacen. A wajenmu ana iya sayar da gona, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta zama gadon wani dabam.

A shekarar da na gama jami'a da bautar ƙasa, takardar aikin koyarwa tana jirana. Sai wani Alhaji, ɗan kwangila mai gidan burodi a Kano, ya yi mini alkawarin kujera a kamfaninsa, har da mota. Shi ne ya sayi gona a Darki, ya aiko Baba ya je ya yanka masa itacen da zai kai gidan burodin. Na bi su don in ƙara samun shiga wajensa, ba zan ɓoye ba.

Da hantsi muka isa. Baba ya gama da wani busasshen marke, sai Alhaji ya nuna wata ƙatuwar ɗorawa, ta yi 'ya'ya har rassanta sun sunkuyo. A gindinta wata tsohuwa ce zaune da ƙwarya.

Bayan sun gaisa, gaisuwa mai tsawo, Baba ya ce, "Iya, ta wace ce?"

"Tawa ce, ɗan nan. Yayyena sun ɗauki gona, ni aka ba ni ɗorawa. Da kalwarta nake daddawar da nake kaiwa kasuwa ran Juma'a."

Alhaji ya yi dariya. "Iya, ai na sayi gonar nan. Ko itacen a sama yake tsaye?"

"Ƙasa ka saya, Alhaji. Kwashe abarka ka kai Kano."

Alhaji ya juyo gare ni. "Malam, kai ne ɗan boko. Gaya wa mahaifinka abin da takarda ta ce."

Na karanta takardar cinikin sau biyu. Babu maganar itace a ciki, ko ta sayarwa ko ta bari. Abin da ya kamata in faɗa ke nan. Amma na matsa kusa da Baba, na sassauta murya, na ce wataƙila, a wata fahimtar, ana iya cewa itacen ya bi gonar. Har yau in na tuna wannan "wataƙila" sai in ji kunya.

Baba bai dube ni ba. Ya tsuguna, ya kwance murfin gefen injin, ya zare sarƙar, ya naɗe ta ya zura a aljihun taguwarsa.

"Ranka ya daɗe, ɗanye ne, kuma yana da mai shi. In ka samu wani mai inji, bismilla. Nawa dai yau ya zubar da haƙora."

"To, ɗanka ma ya je ya ci alli," in ji Alhaji.

"Alli ai ba haram ba ne."

A ƙafa muka fito bakin titi, injin a kafaɗar Baba. Mun yi nisa kafin ya ce, "Karatun nan naka, ashe har da koyon yadda ake ƙin faɗin abin da aka gani?" Bayan sati biyu na kama aikin koyarwa, a cikinsa kuma na yi ritaya. Wajen shekara guda ina jin haushin Baba, wannan ma gaskiya ce.

Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne maganar da nake ji yanzu a majalisa, wai injin Baba ne ya cinye itatuwan Darki da Achika. Ban musa cewa injuna sun yi ɓarna ba, waɗanda suka zo daga baya sun yi. Ba kuma zan ce na bi Baba kowace gona ba. Amma wannan injin, a iya sanina, bai taɓa shan ruwan ɗanyen itace ba, kuma ba zan yi shiru a shafa masa laifin wasu ba. Ƙannena sun so a ba 'yan gwangwan shi, tunda ya daina tashi. Na ce a'a, ban kuma sa "wataƙila" a ciki ba. Yana nan a ɗakina, sarƙarsa a rataye a ƙusa.

Ɗorawar, na ji an ce tana tsaye a hannun jikokin tsohuwar, amma na daɗe ban je ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru ran nan, ko ya san Baba a bakin aikinsa, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara inda na kuskure: launin injin, ko shekarar, ko wata kalma da na sa a bakin wani. Wanda kuma ya ce ya ga Baba ya yanka ɗanye, ya gaya mini gonar, ya gaya mini mai itacen. Zan je in tambaya da kaina.