Aljihun da Akawal Ya Yaga

Ƙaura Namoda

Da can matafiyi da asuba yake sammako. Yanzu a ƙasarmu sai rana ta fito, ta ga kowa, kowa ya gan ta. Don haka na yi sallah na zauna tasha ina gyangyaɗi har hantsi, aljihun hagu na rigata cike da jar kanwa.

Yayana Bawa ne dalilin tafiyar. Da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Dauran muka dawo gidan haya a Ƙaura, ba turke ba harawa, dole ya sayar da baƙin dokinsa, Akawal, a kasuwar Shinkafi. Dillali ya ce wani Alhajin sukuwa ne daga Kano ya saya. Sai wani mai baƙin baki ya zo gaisuwa, ya ce ya ga an loda shi a tirelar kudu, inda ake yanka dawaki. Tun ranar Yaya ya juya wa tuwo baya. Idonsa dama ya daɗe da tafiya. Na ce zan je Kano in gano masa dokin.

"Nomau," ya ce, "kai maƙaryaci ne tun kana yaro. In ka dawo da baki kawai, ban yarda."

Na ce, "An gode da shaida, Yaya."

Gusau zuwa Funtuwa

A shingen shiga Gusau soja ya taɓa aljihuna. "Baba, mene ne wannan?"

"Kanwa ce, tsaraba zan kai wa wani babba a Kano."

"Babban da ke shan kanwa?"

"Ƙafa huɗu gare shi."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Daga Tsafe kuwa dariya ta ƙare. Direba ya kashe kiɗa, kowa ya ciro tasbaha, har wani da na tabbata bai san inda ake fara jan ta ba. Sai a Funtuwa na ji yunwa ta dawo. Na ci shinkafa da wake, na sake mota ta Malumfashi da Gwarzo.

Kano

Da magariba muka shiga. Na kwana a rumfar wani mai shayi ɗan Kurya Madaro, ya ba ni tabarma da labarin da ya fi tabarmar tsawo. Washegari ya sa ni a keke zuwa filin sukuwa.

Mu a ƙauye, sukuwa miƙewa ake yi a fako har doki ya gaji. Nan kuwa zobe ne ƙato da shingen ƙarfe, da tsohuwar rumfar 'yan kallo. Wani dattijo ya ce tun zamanin Turawa aka shata shi. Na ce na yarda, don ba Bahaushen da zai ƙirƙiro gudun da za ka dawo inda ka taso.

Na nufi barga, mai gadi ya tare ni. "Ranar tsere baƙo ba ya shiga, Basakkwace."

"Bazamfare dai. Kanwa kawai zan ba wani baƙin doki."

"Wa ya san abin da ka tofa mata?"

Na roƙa, na zagaya ta baya aka koro ni, na dawo na ce ni malamin dabbobi ne. Ya dubi takalmina ya nuna mini hanya. Na ce a raina, ban ratsa Tsafe don in koma hannu sake ba.

Bayan la'asar aka saki dawaki, ina tsaye jikin shinge. Baƙaƙe da yawa ne, ga ƙura, ga idon tsufa. Sai na tuna fiton da Yaya yake yi in zai ba Akawal kanwa. Giɓina ya dace da shi, amfanin rashin haƙori ke nan. Nufina in ga wanda zai ɗaga kunne kawai.

Na yi fiton. Jama'a, wanda ke gaba ne! Ya saki hanya ya yo kaina, mahayinsa na ja yana salati, sauran suka wuce fuu. Ya zuro wuya ta kan shinge, ya cafki aljihuna ya yage.

Alhajin ya iso babbar riga na tashi. "Tsoho, ka san abin da ka jawo mini?"

Na faɗa masa komai, har tuwon da ba a ci. Ya juya yana kallon doki na gurzar kanwa. Can ya ce, "To in za ka sake fiton nan, don Allah ka tsaya can inda ake ƙarewa."

Komawa gida

Ban wanke rigar ba. Na bi hanyar da na zo, aljihu na reto, mutane na matsawa don warin yawun doki.

Na tarar da Yaya yadda na bar shi. Na ɗora hannunsa a kan yagar. Ya shafa, ya shinshina, ya sake shafawa.

"Ta ƙasa ya kama?"

"Ta ƙasa."

"Shi ne. Wanga ɓarawo bai taɓa jira a ba shi ba." Ya share ido, ya ɗaga murya: "Wai gidan ga ba a dama fura ne?"

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sai direbobi da mai shayi. Mahayin nan kuma don Allah ya yafe mini. Rigar dai Yaya ya ƙwace, da ita yake matashi. Wanda ya gan ni Juma'a da tsohuwar taguwa, kada ya tambaya.