Ranar da Mahaifiyata Ta Daina Lasar Atamfa

Shekarun baya, lokacin da korona ta fara shigowa, ina da ɗan shagona na atamfa a Kantin Kwari. Mahaifiyata dillaliya ce, a wajena take sarin kayan da take kai wa matan Fagge gida-gida. Ba ta ɗaukar turmi sai ta lashi bakinsa. In ta ji gishiri-gishiri, mai kyau ce. In ba ta ji ba, ko ni da ta haifa sai ta kira ni macuci.

Muna shago rediyo ya ce manyan likitocin duniya sun ayyana cutar a matsayin annobar duniya. Mahaifiyata ta taɓe baki.

"Jiya ba annoba ba ce, yau ta zama? Wa ya naɗa ta?"

Wallahi ni ma zargin da nake ke nan. Na ce shiri ne kawai na rufe mana kasuwa. Da yamma na tafi Sabon Gari wajen abokina, Ibo mai kemis, na ce ya faɗa min gaskiya. Ya ce ba haka kawai mutum ɗaya ke tashi ya faɗa ba. Ƙasashe ne ke aika rahoto, masana su zauna su duba, sai an ga cutar tana yawo a nahiyoyi da dama, tana kama har waɗanda ba su je ko'ina ba, sannan shugabansu ya sanar.

Na ce, "Kai dai takunkumi kake son sayarwa."

Sai ya ba ni ɗaya kyauta. Nan zargina ya ƙaru!

Zan fita ya ce, "Kar ka yarda da su in ka ga dama. Amma zanen da Mama ke lasa, hannu nawa ya taɓa shi?"

Maganar nan ta tsaya min a rai. Ga shi an fara jin rasuwar tsofaffi a unguwa, ita kuma ga hawan jini. Tsoro ya kama ni sosai. Na roƙe ta ta daina, ta ce tun ban san hanyar Kwari ba take lasar zane.

Zuwanta na gaba, tana miƙa hannu na riga ta ɗaukar turmin.

"Inna, daga yau ni zan riƙa lasa miki."

Ni da ban san bambancin gishirin atamfa da na miya ba. Na kai shi baki ke nan ta fizge, har ta buge min haɓa.

"Ajiye, don ubanka! Ban yarda da su ba, amma ba a kan ɗana za a gwada ba."

Har yau in aka tayar da zancen, cewa take Turawa ne suka shirya abinsu, ni ma ban gama yarda da su ba. Abin da na fahimta shi ne, ba sai ka yarda da mai sanarwa kake kare naka ba. Tana nan da ranta, alhamdulillahi. Da yatsu take murza zane yanzu, tana mitar na lalata mata sana'a.