Hannun Daman Abu Hammud

A ƙauyenmu na bakin kogin Kabur, in tarakta ta yi gardama Fawwaz makanike ake kira, wanda muke ce wa Usta, wato ƙwararre. Da kunne yake saita wutar inji: ya sassauta kan da ke raba wa filogi wuta, ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Gwani ne, amma akwai cika baki. Ni dai ban taɓa jin ya ce bai sani ba.

Wata shekara, gab da huɗar alkama, maƙwabcinsa Abu Hammud ya zo da ƙorafi.

"Usta, tsohuwar taraktar nan tawa ta zama raguwa. Ɗan zaburar min da ita."

"Ai mai ita ta biyo," in ji Fawwaz. "Bari ka gani, gobe sai ka roƙe ta ta tsaya."

Ya matsar da wutar gaba fiye da kima don ta ƙara ja. Ya san da hannu ake murɗa injin nan ya tashi. Ya kuma san in wuta ta riga lokacinta, ƙarfen murɗawar yakan dawo baya da ƙarfin tsiya. Ya yi niyyar ya gargaɗe shi, sai aka kawo shayi, hira ta yi daɗi, ya manta.

Washegari ƙarfen ya dawo ya ragargaza wa Abu Hammud wuyan hannun dama. Ɗori bai yi kyau ba, hannu ya shanye. Tun daga nan da hagu yake cin abinci, ko a gaban baƙi, yana sunkuyar da kai.

Bai zargi kowa ba, ya ce ƙaddara ce, kuma wannan ne ya fi cin Fawwaz a rai. Bakin nan nasa ya mutu. Kowace safiyar aiki sai ka gan shi ya tsallako ya murɗa wa maƙwabcinsa inji, ya juya ko shayi ba ya tsayawa sha. Haka har furfura ta cika masa kai. Tausayi yake ba ni, wallahi.

Bara Hammud, ɗan Abu Hammud, ya dawo daga birni ya sa wa taraktar ubansa sitata mai tayar da inji da makulli. Da safe Fawwaz ya iso ya tarar inji na ruri.

"Ka huta, Usta!" in ji Abu Hammud yana dariya. "Yanzu makulli ne kawai, ko da hagu sai in tayar."

Fawwaz bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, lafiyayye.

"To ni kuma," ya ce, "me zan yi da wannan?"